Filin Oshodi tsakanin neman abinci da shan iska

A watan Janairun 2009 gwamnatin Gwamnan Legas Babatunde Fashola ta kwashe rumfuna da teburan da suka toshe titin Agege da bakin layin dogo a Oshodi. Aka shuka ciyawa da furanni a wasu guraben, aka yi lambun Oshodi Heritage Park, sannan a 2011 aka kafa hukumar LASPARK don kula da lambunan jihar Legas. A Janairun 2016, zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode, aka rushe kasuwar Owonifari, aka ce 'yan kasuwar su koma kasuwar Isopakodowo. A yankin ne aka gina tashar mota mai sassa uku, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Afrilun 2019.

Gyaran ya yi rana. Cunkoso ya ragu, 'yan sane sun rasa maɓoya, kuma unguwa mai cinkoson gidaje irin wannan tana buƙatar inuwar da yara za su sake.

Inda lissafin ya gaza shi ne wajen ƙidaya masu cin abinci a filin. Mai shago yana da takarda, ana iya ba shi wani shagon. Ɗan dako ba shi da komai a rubuce. Haka mai shayi, da mai gyaran takalmi, da ɗan garuwa, waɗanda da yawansu 'yan cirani ne daga Arewa da Nijar. Jarinsu shi ne taron mutane, kuma ba a ɗaukar taro a kai shi sabuwar kasuwa kamar buhun albasa. A wurinsu gindin gada wurin aiki ne, nan suke kishingiɗa da rana, nan suke shimfiɗa buzu su yi salla. Lambu mai shinge ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka uku, ya bar biyu a waje.

Acaɓa ce ta riƙe matasa da dama, ita ma aka hana ta a ƙaramar hukumar Oshodi-Isolo daga 1 ga Satumba 2022. A ganina, kuskuren tsari ne a ware wa furanni fili ba tare da an ware wa ƙananan sana'o'i gefensa ba. Jirgin ƙasa na Red Line, da aka ƙaddamar a 2024, yanzu yana sauke fasinjojin Agege a Oshodi, kuma duk wanda ya sauko da kaya ɗan dako yake fara nema.