Duwatsun Alfijir: Ƙirar Mutum Ko Aikin Ruwa?

Idan muka waiwayi tarihin binciken mutanen farko, za mu tarar da wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masanan Turai, kuma a kan tsakuwa aka yi ta.

A shekarar 1867 wani limamin kirista, Louis Bourgeois, ya gabatar da wasu duwatsun ƙyastu masu ɓantararren baki da ya tono a Thenay ta ƙasar Faransa. Ya ce hannun mutum ne ya sassaƙa su. Daga 1885 kuma Benjamin Harrison, mai kanti a ƙauyen Ightham na Ingila, ya shiga tsintar irinsu a tuddan Kent, har babban masanin duwatsu Joseph Prestwich ya mara masa baya. Aka raɗa musu suna da Girkanci mai ma'anar duwatsun alfijir, wato kayan aikin ɗan Adam na farko.

Amma ramin kure kurarre ne. A 1905 Marcellin Boule ya duba wata masana'antar siminti kusa da Mantes, inda injuna ke juya alli da tsakuwa cikin ruwa. Sai ga duwatsu suna fitowa da baki irin na waɗancan sak, alhali babu wanda ya sassaƙa su. Daga baya aka tabbatar cewa igiyar ruwa, da matsanancin sanyi, da nauyin ƙasa duk suna yin wannan ɓanna.

Yau ba a yarda da dutse don siffarsa kawai. Ana neman alamar bugu da aka maimaita bisa tsari, da ɓaraguzan sassaƙa a wurin, da shekarun ƙasar da ta binne shi. Da wannan ma'auni aka karɓi kayan Gona ta Habasha masu shekara miliyan 2.6, aka kuma bayyana na Lomekwi ta Kenya a 2015, masu shekara miliyan 3.3. Ashe a Afirka alfijirin ya keto.

Kada mu yi wa Harrison dariya. Mu ma nan gatarin dutse da magabata suka wasa da hannunsu, gatarin aradu muke ce masa. Su sun ba mutum aikin ruwa, mu mun ba tsawa aikin mutum.

'Yan'uwa marubuta, duk wanda zai rubuta tarihin garinsu ya tuna da mai kantin nan. Ba ƙarya ya yi ba, abin da zuciyarsa ke so ne idonsa ya nuna masa. Kafin mu kira labari hujja, mu tambayi wa ya sassaƙa shi.