Mai Gatarin Niyu Olins Da Shaidar Waɗanda Suka Tsira

Masu karatu, a wannan karon zan ɗan jingine labarin soyayya gefe guda, in kawo muku wani tarihi da ya faru a ƙasar Amurka shekaru sama da ɗari da suka wuce. Labari ne na wani makashi da ya addabi birnin Niyu Olins da ke jihar Luwiziyana daga watan Mayu na 1918 zuwa watan Oktoba na 1919, wanda har yau ɗin nan babu wanda ya san sunansa, Mai Gatari kawai ake ce masa. Ni dai ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Waɗanda suka tsaya mini su ne mutanen da ya sara amma kwanansu bai ƙare ba, da kuma waɗanda bakin waɗannan majinyata ya jefa cikin bala'i.

Yadda yake aikinsa kusan iri ɗaya ne. Can cikin dare idan gari ya yi tsit, sai ya zagaya ta bayan gida, ya sa ƙarfen sassaƙa irin na kafintoci ya ɓamɓare katako guda daga jikin ƙofar baya, ya shiga. Sau da yawa ma ba ya zuwa da makami, gatarin faskaren masu gidan yake ɗauka ya sare su da shi suna barci, ya yar da shi a nan ya yi tafiyarsa. Kuɗi da kaya kuwa yakan bar su a inda suke. Yawancin waɗanda ya faɗa wa 'yan asalin ƙasar Italiya ne masu ƙananan shagunan kayan masarufi, irin waɗanda shago ke gaba, ɗakin kwana ke baya. A lissafin da aka fi yarda da shi, mutum shida ne suka mutu, shida suka tsira da raunuka.

Kafin in ci gaba ya kamata ku san matsayin Italiyawa a wannan birni. Baƙi ne, ana yi musu kallon masu ƙungiyar asiri da ɗaukar fansa. A 1891, bayan kisan shugaban 'yan sandan birnin David Hennessy, gungun mutane suka fasa gidan yari suka kashe Italiyawa goma sha ɗaya, alhali kotu ba ta kama ko ɗaya daga cikinsu da laifin ba. Saboda haka duk lokacin da aka tsinci ɗan Italiya cikin jini, abin da ke fara zuwa ran hukuma shi ne, ai nasu ne ya yi musu.

Na farko su ne Joseph Maggio da matarsa Catherine, ranar 23 ga Mayu 1918. An yanka su da aska, an kuma sare su da gatari. Ƙanen mijin mai suna Andrew wanzami ne, a gidan yake kwana, askar kuma tasa ce, sai aka yi awon gaba da shi tun bai gama kukan ɗan'uwansa ba. Bayan 'yan kwanaki aka sake shi domin babu wata hujja da ta tsaya.

Wata guda bayan haka, ranar 27 ga Yuni, aka sami wani mai shago Louis Besumer da matar da ke zaune da shi, Harriet Lowe, kwance cikin jini, dukkansu da sauran numfashi. A nan ne aka fara ganin abin da nake son ku lura da shi. Da Harriet ta farfaɗo aka tambaye ta, ta kwatanta wani mutum mai jinin baƙar fata, nan take aka kama Lewis Oubicon, wani bawan Allah da bai daɗe da fara aiki a shagon ba. Aka bincika ba a sami komai ba, aka sallame shi. Can kuma sai ta ce ai Besumer ɗan leƙen asirin Jamus ne. Ku tuna lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, an kuwa sami wasiƙu cikin harsunan waje a akwatinsa, aka kama shi, aka sake shi. Daga baya likitoci suka yi mata aiki a fuska, aikin bai yi nasara ba, tana gab da cikawa ta ce Besumer ɗin ne da kansa ya sare ta. Mutumin da shi ma gatari ya fasa wa kai, sai ga shi a kurkuku wata tara ana tuhumarsa da kisa. Ranar 1 ga Mayu 1919, mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci suka shiga ɗaki, cikin kamar minti goma suka fito suka ce ba shi da laifi. Magana uku daban-daban daga baki ɗaya, kowacce kuma sai da ta sa aka ɗaure wani.

Ni ban ga laifin Harriet ba. Likitoci sun tabbatar da cewa duka mai ƙarfi a ka yakan shafe abin da ya faru dab da dukan, mutum ya farka ya tarar da gurbi a ƙwaƙwalwarsa. Idan aka tsaya a kansa ana ta maimaita masa tambaya, ana ambato masa sunaye, sai ya cike gurbin da abin da ya ji, har shi kansa ya gaskata. Dubi sauran da suka tsira. Anna Schneider, wadda aka sara a watan Agusta 1918 tana da cikin wata takwas, ta ce ba ta tuna komai, kuma ta haifi 'yarta lafiya bayan haka. Steve Boca da wata budurwa Sarah Laumann, da aka kai wa hari a 1919, su ma ba su iya bayar da wani kwatance mai amfani ba. Waɗannan da suka ce ba su sani ba, babu wanda aka ɗaure saboda maganarsu.

To yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. A tsallaken kogin Misisifi akwai wani ƙaramin gari da ake kira Gretna. A farkon watan Maris 1919, maƙwabta suka ji kururuwa daga gidan wani mai shago Charles Cortimiglia. Cikin waɗanda suka fara rugawa akwai wani dattijo Iorlando Jordano, wanda ya doshi shekara saba'in, shi ma mai shago ne. Abin da aka tarar ba ya faɗuwa. Charles kwance cikin jini, matarsa Rosie da fasasshen kai tana rungume da 'yarsu Mary 'yar shekara biyu, yarinyar kuwa ta riga ta cika. An ɓamɓare katakon ƙofar baya, ga gatari an yar. Duk wanda ke karanta jarida a lokacin ya san aikin wane ne wannan.

Amma hukumomin Gretna ba su so su ji zancen wani Mai Gatari da ba a iya kamawa. Sun ji cewa akwai 'yar tsama tsakanin gidajen biyu kan harkar shago, shi ke nan suka tsayar da ransu a kan dattijon da ɗansa Frank, yaron da bai kai shekara ashirin ba. Rosie tana asibiti aka yi ta tambayarta, da farko ta ce ba ta san wanda ya sare ta ba. Da aka sallame ta, maimakon a bar ta ta je ta yi makokin 'yarta, sai aka tsare ta a gidan yari wai a matsayin shaida. Ba ta fito ba sai da ta sa hannu a takarda cewa Jordano da ɗansa ne. Ku duba fa, mace ce da ba ta gama warkewa daga saran gatari ba, 'yarta tana kabari, ga ta a kulle, ga manyan gari a kanta suna jiran suna. Wa zai ce ga abin da zai faɗa in shi ne?

Mijinta Charles bai goyi bayan maganarta ba. Hankali ma bai goyi bayanta ba. Dattijon ba shi da ƙoshin lafiyar da zai yi wannan aika-aika, Frank kuma ƙato ne, tsawonsa ya haura ƙafa shida, ga jiki, ta yaya zai kutsa ta 'yar kafar da aka ɓamɓare a ƙofa? Duk da haka a watan Mayu 1919 aka gurfanar da su, Rosie ta tsaya ta nuna su da yatsa. Wa zai ƙaryata uwar da aka kashe wa 'ya a hannunta? Aka yanke wa Frank hukuncin rataya, mahaifinsa ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da birnin ke yi a daidai lokacin. 'Yan kwanaki bayan harin Gretna, jaridar Times-Picayune ta buga wata wasiƙa mai kwanan wata 13 ga Maris 1919, wadda marubucinta ya ce shi ne Mai Gatari, daga wuta yake rubutu, kuma zai ratsa birnin daren Talata da ƙarfe goma sha biyu da kwata, amma ba zai taɓa gidan da ake kiɗan jaz ba. A daren nan gidajen rawa suka cika maƙil, makaɗa suka kwana suna aiki a gidajen mutane, ba a sari kowa ba. Har waƙa aka yi a kan abin ana sayarwa. Yau idan aka ambaci Mai Gatari wannan dare ake fara tunawa, domin ya fi daɗin bayarwa, alhali babu tabbacin cewa makashin ne ya rubuta wasiƙar. Yarinyar da aka binne a makon da ya gabata kuwa, da yaron da ake shirya wa igiya, ba kowa ke kawo su ba.

Suna can a tsare aka ci gaba da sara. Boca a watan Agusta, Sarah a watan Satumba, sannan Mike Pepitone wanda aka kashe ranar 27 ga Oktoba 1919. Ko wannan bai sa hukuma ta ce bari mu sake dubawa ba. Wadda ta sake dubawa ita ce Rosie. A farkon 1920 ta taka da ƙafarta har ofishin jaridar Times-Picayune ta ce ƙarya ta yi, ba ta ga fuskar wanda ya kashe 'yarta ba, a yafe mata. Littattafan da aka fara rubutawa sun ce ƙiyayya da hassada ne suka sa ta yi ƙazafin, haka kuma aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, aka mayar da ita muguwar labarin. Sai da wata masaniyar tarihi, Miriam Davis, ta koma kan tsoffin jaridu da takardun kotu ta fitar da littafinta a 2017, sannan mutane da yawa suka san irin matsin da aka yi mata. A nawa ganin, matar da ta iya fitowa ta tona kanta a gaban duniya, tana sane da cewa za a iya ɗaure ta kan rantsuwar ƙarya, ta fi waɗanda suka kulle ta mutunci nesa ba kusa ba. Ko bayan ta yi magana, sai a watan Disamba 1920 aka buɗe wa Jordano da ɗansa ƙofa, bayan sun shafe kusan shekara biyu a tsare.

Mu marubutan labari mun san halin masu karatu. Ka rubuta littafi na ɗaya da na biyu da na uku, in ka kuskura ka rufe ba ka bayyana mugun ba, ranar da ka shiga kasuwa sai ka gane kurenka. To haka aka yi wa wannan tarihi, da aka rasa ƙarshe sai aka ɗinka masa. Matar Pepitone, Esther, ta koma birnin Los Anjalas ta sake aure, mijin na biyu ya ɓace, sannan a watan Disamba 1921 ta harbe wani mutum Joseph Mumfre har lahira, tsohon ɗan gidan yari daga Niyu Olins. Ta ce barazana ya zo yi mata yana neman kuɗi, kotu kuma ta sallame ta. Daga baya wani marubuci Robert Tallant ya yaɗa cewa Mumfre ɗin nan shi ne Mai Gatari, matar fansar mijinta ta ɗauka. Labarin ya yi daɗi, ya zagaya duniya, har yanzu ana kwafarsa daga littafi zuwa littafi. Mumfre ba mutumin kirki ba ne, wannan babu musu, amma ba a taɓa kawo hujjar da ta haɗa shi da gidan Maggio ko na Cortimiglia ba, kuma ba a taɓa gurfanar da shi a kan ko ɗaya daga cikin kashe-kashen ba. Ya dai mutu, ba zai iya tashi ya kare kansa ba, sai ya zama mai sauƙin ɗora wa kaya.

Daga harin Pepitone ba a sake jin ɗuriyar Mai Gatari a Niyu Olins ba. A shari'ar duka, mutum biyu kaɗai kotu ta taɓa samu da laifi, dattijon da ya rugo don ya taimaki maƙwabtansa, da ɗansa Frank.