Masallacin Juma'a a Matsayin Shaidar Kafuwar Gari: Nazari a kan Ribaɗin Tambuwal

Masu rubuta tarihin garuruwan kudancin Sakkwato sun fi dogara da jerin sarakuna, sai su bar masallaci a gefe kamar adon gari. Wannan maƙala na ganin an juya al'amarin ne. Tambuwal, wadda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe, ƙarƙashin manufar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ta tsare iyakoki da zaunar da Fulani makiyaya wuri guda, manufar da Murray Last ya fayyace a littafinsa na 1967. To, yaushe sansanin mayaƙa ke zama gari? Fikihun Malikiyya, wanda shugabannin jihadi suka yi hukunci da shi, ya riga ya amsa: Juma'a ba ta inganta sai ga mutanen da suka zauna da niyyar dawwama, a masallaci ginanne, tare da mazaje goma sha biyu da za su tsaya da liman har sallama. Ruga ba ta tsai da Juma'a, haka ma zangon fatake. Ashe ranar da aka fara huɗuba a ribaɗi, ranar ce jama'arsa suka shaida a shari'ance cewa sun daina ƙaura.

Mai suka zai ce ginin ƙasa ba ya riƙe tarihi: damina na cin soro, ana yaɓe kowace shekara, yau kuma siminti da kwano sun maye gurbin tubali da azara. Gaskiya ne, domin ko masallacin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, sai da aka lulluɓe shi da sabon gini kafin ya tsira. Amma sukar ta ɗauka bango shi ne masallaci. Fili ba ya tashi, kuma a garuruwan daular Sakkwato yakan kasance daura da ƙofar fada. Limanci kuwa yakan bi gida ɗaya, ta yadda jerin limamai zai iya gyara jerin sarakuna inda maroƙa suka tsallake wani suna.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Tun kafuwar Izala a Jos a 1978 masallatan Juma'a suka yawaita, har ma'aunin ya zama kamar ya lalace. Sai dai Mukhtasar na Halilu, littafin fikihun Malikiyya, ya fifita tsohon masallaci idan an sami biyu a gari guda, shi ya sa dattawa ba sa mance wanne ne na fari. Abin da ya kamata masu bincike su fara tattarawa a Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji shi ne sunayen limamai daga bakin zuriyarsu, tun masu riƙe da su na raye.