Yadda iska ta karɓi aikin hannun direba

A shekarar 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, bayan ya ratsa Ringim da Malam Madori, cikin ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Gyaɗa da fatu a kan dogo suke tafiya a wancan zamani. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Bendix-Westinghouse a Amurka, domin ɗora wa manyan motoci birki mai aiki da iska, dabarar da George Westinghouse ya yi wa rajista tun 1869 saboda jiragen ƙasa. Da harkar dogo ta durƙushe a Najeriya, sai dakon kaya ya koma kan tirela, riɗi da zoɓon Jigawa suka dogara ga iskar da ke cikin tankinta.

Aikin iskar bai tsaya ga birki ba. Mota mai nauyin kaya tana buƙatar giya da yawa, fiye da yadda hannun direba zai iya lalubowa. Kamfanin Fuller, wanda Eaton ya saya a 1958, ya shahara da giyabos ɗin Roadranger: giya biyar a zangon ƙasa, su ɗin dai a sake bin su a zangon sama, su zama goma. Direba maɓalli kawai yake ɗagawa a kan sandar giya. Daga nan bawul ɗin zango ya tura iska cikin silinda, fistin ya sauya zangon.

Wannan sauƙi ya zo da nasa rauni. 'Yar roba mai siffar zobe, idan ƙurar hunturu ta cinye ta, ko ruwan da ya taru a tanki ya lalata ta, tana iya tsayar da tirela a mahaɗar Shuwarin, giya ta maƙale a zangon ƙasa. Yoyon kuma yana zuƙe iskar da kwamfiresa ke tarawa, wadda birki ma da ita yake aiki.

Shi ya sa ƙwararren bakanike a Yalwawa ba ya gaggawar kwance bawul. Sai ya bari tanki ya cika, ya kashe inji, ya kasa kunne. Sannan ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, ya nemi kumfa. Idan iska na fita ta bakin bawul ba ƙaƙƙautawa, ba lallai ne laifin nasa ba ne, domin robar fistin da ta mutu takan bar iska ta tsallaka ta dawo ta nan. Sai ya cire tiyon ɓangaren da babu matsi a kansa. In iska ta huro daga silinda, roba ce; in daga tiyon ne, bawul ne.

Wanda ya tsallake wannan gwaji yakan sa mai mota ya sayi sabon bawul, a ɗaura, a cika tanki, a sake jin tsakin iska a inda yake tun farko.