Akushi ɗaya a ƙasar Walaita

A Amharanci akwai wata kalma, gursha. Ma'anarta mutum ya yanko injera, ya naɗe miya a ciki, ya sa wa ɗan'uwansa a baki da hannunsa. Na duba Hausarmu ban samu kalma ɗaya da ta ɗauki wannan duka ba. Ɗura ta yara ce, kuma da kuka ake yin ta. Gursha kuwa girmamawa ce, ƙin karɓarta abin kunya ne. Injerar ita kanta kamar sinasir take, faffaɗa, mai tsami, ana yin ta da tef, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi. A faifai guda ake shimfiɗa ta, kowa ya sa hannu.

Bin wannan kalma ne ya kai ni ga ƴan mishan na SIM, waɗanda muka sani nan gida: sun sauka Damagaram a 1924, su ne kuma masu asibitin Galmi tun 1950. A 1927 likita Thomas Lambie ya kai su Habasha. To amma fa ku lura, ƙasar da suka shiga ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, zamanin sarki Ezana na Aksum. Shi ya sa suka nufi kudu, inda mutane da yawa ke kan addinin gargajiya, suka zauna Soddo, ƙasar Walaita.

Can ba injera ce cimar yau da kullum ba, koco ne. Ana kankare jikin wata shuka mai kama da ayaba, a binne a rami ya yi watanni yana tsami, sannan a gasa. Kuma ba kowa ke cin akushi ɗaya da kowa ba. Manoma na ƙyamar masu ginin tukwane da majema da maƙera, ba auratayya, ba cin abinci tare. Mu ma in mun yi gaskiya, mun san gidajen da ba a neman aure cikinsu saboda sana'a.

Italiya ta mamaye ƙasar, a 1937 ta kori Turawan mishan. Mutum 48 kacal suka bari da baftisma a Walaita. Sojan mamaya suka shiga kama shugabanninsu, aka yi wa wani mai wa'azi, Wandaro, bulala har ya kusa mutuwa. A kurkukun lokacin, in danginka ba su kawo maka abinci ba, yunwa ce za ta ƙarasa ka. Sai masu bi suka riƙa dafawa suna kaiwa, ga na gida ga bare, har sauran ɗaurarru na samun rabo. Haka nan suke tara hatsi da ƴan kuɗi su yi wa masu wa'azinsu guzuri zuwa Gamo da Gofa.

Bayan an kori Italiya a 1941, Turawan suka dawo suka tarar da dubban mabiya. Wasu marubutan mishan sun kira abin mu'ujiza. Ni dai ina ganin an rage wa matan da suka kankare kocon nan haƙƙinsu, don da wuya ka ga sunan ɗayarsu a rubuce. Waɗannan majami'u ne daga baya suka zama cocin Kale Heywet, wato "Kalmar Rai" a harshen Ge'ez.