Alkawarin da Ya Fi Ƙarfin Rumbu: Tarihin Rabon Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata dabara da babbar manhajar kwamfuta ke amfani da ita, wato yi wa ƙananan manhajoji alkawarin wurin aiki fiye da abin da ƙwaƙwalwarta za ta iya ɗauka. Misalinta shi ne mai karɓar ajiyar hatsi a kasuwar Illela wanda ya yi wa mutane da yawa alkawarin rumbu ɗaya, bisa tsammanin ba za su kawo kayansu rana guda ba.

Tushen dabarar yana Jami'ar Manchesta ta Ingila, inda Tom Kilburn da abokan aikinsa suka ƙera kwamfutar Atlas, wadda aka ƙaddamar a 1962. Ƙwaƙwalwarta mai sauri kalmomi 16,384 kaɗai take ɗauka, amma gangunan maganaɗisu na ɗaukar 98,304. Sai aka kasa bayanai shafi-shafi, kowane shafi kalmomi 512, ana kai wanda ba a buƙata ganga, ana dawo da shi idan an nema. Wannan shi ne asalin wurin musaya.

Ba a daɗe ba aibin dabarar ya bayyana. A 1968 Peter Denning ya nuna cewa idan manhajoji suka yi yawa, na'ura kan ɓata lokacinta wajen kai da kawo shafuka, aiki kuwa ya tsaya. Daga baya Linux ya zarce nan, yana amsa buƙatar da ba shi da wurin cika ta. Ranar da masu haƙƙi suka taru, sai ya zaɓi manhaja ɗaya ya kashe. Mai son tsauri yana iya ƙayyade alkawarin zuwa girman wurin musaya haɗe da rabin ƙwaƙwalwa.

Android daga Linux ya samo asali. Maimakon kai shafuka ma'ajiya, yakan matse su cikin ƙwaƙwalwar kanta, in abin ya faskara ya rufe manhaja. Don haka idan wayar ɗan kasuwa a Gidan Katta ta rufe manhajar banki sa'ad da ya fita karanta saƙon lambar sirri, sau da yawa ba lalacewa ta yi ba. Alkawari ne ya riski ranar biya.

A taƙaice, dabarar ta sauƙaƙa tsadar na'ura, amma mai ƙaramar waya ne ke biyan bashinta.