Gail Emms: gwanar badminton ta Ingila

An haifi Gail Emms a ranar 23 ga Yuli, 1977, a garin Hitchin na ƙasar Ingila. Ta yi suna a wasan badminton na bibbiyu, musamman rukunin da mace da namiji ke haɗuwa su kara da wasu biyu. Abokin wasanta da suka fi shahara tare shi ne Nathan Robertson.

A gasar Olamfik ta Atina a 2004, Emms da Robertson sun kai wasan ƙarshe, inda Zhang Jun da Gao Ling na ƙasar Sin suka doke su, suka tashi da lambar azurfa. A 2005 suka lashe gasar All England a Birmingham. A 2006 kuma suka ci zinare a wasannin ƙasashen Commonwealth a Melbourne, sannan suka zama zakarun duniya a Madrid bayan sun rinjayi 'yan ƙasarsu Anthony Clark da Donna Kellogg.

Ta yi ritaya bayan gasar Olamfik ta Beijing a 2008, aka kuma karrama ta da lambar MBE a 2009.

Sai dai lambobin yabo ba su zame mata abin dogaro ba. A 2017 ta bayyana a fili cewa tana fama da rashin aiki da ƙarancin kuɗi, abin da ya jawo muhawara a Birtaniya kan makomar 'yan wasa bayan sun yi ritaya.